Ga masu son ƙara wa tsohon babur ɗin ƙanƙara gudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da ƙannenmu da ke shigowa Kanada karatu da aiki, musamman waɗanda rabo ya kawo arewacin Ontariyo. Ni bakanike ne. A Zariya na koyi gyaran babur, yanzu kuma ina aiki a wani gareji a garin Timmins, inda daga Disamba zuwa Maris yawancin abin da ake kawo mana shi ne babur ɗin dusar ƙanƙara. Ga mutanen gida da ba su taɓa ganinsa ba: ba shi da taya, kan wasu dogayen takalma biyu yake zamewa ta gaba, a ƙarƙashinsa kuma wata faffaɗar roba mai haƙora ce ke juyawa tana tura shi. Tun 1959 da kamfanin Joseph-Armand Bombardier ya fito da Ski-Doo daga garin Valcourt na lardin Kubek, abin ya zama ƙafar mutanen nan a lokacin hunturu.

Sabo yana iya cin kuɗin ƙaramar mota, don haka yaranmu na hannu suke saye a shafin saye da sayarwa na Kijiji ko a Facebook, yawanci na shekarun 1990, irin su Polaris Indy 500. Wannan ba laifi. Injin Fuji mai cc 488 da ke cikinsa yana da juriya, kayan gyaransa kuma ga su nan birjik. Rigimar tana farawa ne ranar da abokinsa ya wuce shi fuu a kan daskararren tafki. Washegari sai ga shi a gareji: "Yaya, a sa mini salansa mai ƙara, a rage jet, so nake ya riƙa tashi sama." Jet ɗin nan shi ne ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireta.

Amsar da nake ba su ita ce, ƙarfin da suke nema yana nan a jikin babur ɗin, shekaru da sakaci ne suka danne shi, kuma tono shi ya fi sayen sabbin ƙarafa araha nesa ba kusa ba.

Kafin a kashe ko sisi, a auna matsin silinda. Idan kowace ta ba da wajen 120 a ma'aunin psi, kuma ba su yi wa juna nisa ba, injin yana da sauran rai. Idan ɗaya ta faɗo ƙasa da 100, maganar gudu ta ƙare, kuɗin na fistin ne da ringi. A kuma duba robobin da ke toshe bakin kiranshaf da waɗanda ke riƙe kafireta, domin roba mai shekara 30 tana tsagewa, iska ta riƙa satar hanya tana shiga.

Wannan satar iska ita ce ajalin irin waɗannan injuna. Dangin ƙaramin janareton nan ne da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, sai dai shi wannan yana da famfon da ke haɗa masa. Fetur ɗin da ke shiga silinda yana taimakawa wajen sanyaya kan fistin. Idan iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, injin zai yi kuka mai daɗi, ya ja kamar sabo, mai shi yana murna, alhali fistin na can yana narkewa. Ga kuma abin da ɗan ƙasar zafi ba ya kawowa a ransa: iska mai sanyi ta fi nauyi. Tsakanin ranar da ma'auni ke kan sifiri da daren da ya sauka 30 ƙasa da sifiri, wanda ba baƙon abu ba ne a nan cikin Janairu, iskar da injin ke zuƙa tana ƙaruwa da fiye da kashi 10 cikin 100, jet ɗin kuwa ramin nan nasa ne bai canza ba. Saitin da ya yi daidai da rana tsaka a Maris zai iya huda fistin da asubar Janairu. Shi ya sa masu ƙera shi suka buga jadawalin jet gwargwadon sanyi da tudun wuri. A bi jadawalin, in ma za a kauce, a kauce ta wajen yawan fetur. Asarar fulogi ɗaya da ya jiƙe ba ta kai ta inji ba.

Bara an jawo mana wani babur da igiya daga daji. Yaron ya saye shi da salansar kanti a jiki, wanda ya sayar masa bai gaya masa cewa ba a ƙara jet ba. Da na cire kan silinda, tsakiyar fistin ya lotsa ya huje, ɗan yatsana na shiga ramin, bakin fulogin kuma fari fat da ɗigo-ɗigon alminiyam. Lafiyayyen fulogi ruwan ƙasa yake, kalar gasasshiyar gyaɗa. Allah ya taimake shi su biyu suka fita, domin a wancan dajin wayar hannu ba ko'ina take kamawa ba, kuma a irin wannan sanyi mutum ba ya daɗewa a tsaye.

Inda gudun yake ɓuya da gaske shi ne kuloci. Babur ɗin ba shi da giyar da ake sakawa da ƙafa. Kuloci biyu ne da bel a tsakaninsu, na gaba yana matsewa na baya yana buɗewa, su ne giyarsa. Bel idan ya cinye ya sirance sai ya nutse cikin na baya, babur ya riƙa tashi da nauyi tamkar an fara da giya ta biyu. Sifirin da ya shekara 25 a matse ya saki, ƙarafan da ke lilo a ciki sun ci gefe, fuskar kulocin ta yi santsi da baƙin roba. Sabon bel na asali, sabon sifirin, a goge fuskokin da soson ƙarfe mai laushi ba tare da ko ɗigon girisi ba, a daidaita su su kalli juna sosai. Sabon bel a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a bi shi a hankali a tafiyar farko. Daga nan a sa ido kan agogon juyin inji: in an danne totur duka, ya kamata allurar ta hau inda littafin babur ɗin ya ce, wajen juyi 8,000 a minti a yawancin irin waɗannan, ta tsaya cak. Na sha ganin mai babur ya dawo daga gwaji yana rantsuwa cewa inji na canza masa.

Sauran aikin na ranar Asabar ne. A kwance kafiretocin Mikuni a wanke, a daidaita su su buɗe tare. A sassauta robar ƙasa in ta yi tsauri, a canza farar robar da take gogawa a kai da duk boris ɗin da ke gurnani, a zuba sabon mai a akwatin sarƙa. Fetur na yau da kullum a nan yana da etanol wajen kashi 10 cikin 100, yana jan ruwa, yana kuma cin tsofaffin tiyo, don haka kada a bar shi ya kwana a tanki tun daga Afrilu har sanyi ya dawo. Mai son sa wa robar ƙasa ƙusoshi don ta kama ƙanƙara ya fara sa kariya a sama, in ba haka ba ƙusa ɗaya za ta huda masa bututun ruwan sanyaya inji.

Ita kuwa salansa mai ƙara, ban ga abin da take ƙarawa a tsohon inji ba sai fushin maƙwabta. Hanyoyin da OFSC, wato haɗakar ƙungiyoyin masu babur ɗin ƙanƙara ta Ontariyo, ke sharewa suna ratsa filayen mutane ne da izininsu, kuma hayaniya na cikin abin da ke sa mai fili ya rufe ƙofarsa. Doka ma kilomita 50 a awa ta yarda a kan waɗannan hanyoyi, tare da hular kwano da inshora da takardar izini. Kuɗin salansar ya isa bel biyu da fulogi da igiyar ja, a ajiye ɗaya bel ɗin a ƙarƙashin murfi, a kuma koyi sa shi da safar hannu a hannu tun ana gida.

Wassalam.

Naka,
Wani bakanike ɗan Zariya,
Timmins, Ontariyo, Kanada