Ƙunar Yara A Hunturu: A Fara Da Ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai albarka in yi magana da 'yan uwana iyaye, tunda hunturu ya kankama, kowane gida an ɗora ruwan wanka a murhu, an kuma shigar da kaskon garwashi ɗaki. Aikin jinya na yi a ɗakin yara har na yi ritaya, kuma duk shekara in sanyi ya shigo sai gadajenmu su cika da masu ƙuna: mai rarrafe ya jawo tukunyar kunu, ɗan yaye ya faɗa bahon ruwan zafi kafin a surka, yarinya wuta ta kama gefen zaninta wajen jin ɗumi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ake lafta wa ciwon kafin a iso wurinmu. Makilin, ɗanyen ƙwai, gishiri, manja, toka, gashin zomo, har da baƙin man inji. Na san ruɗewa ce da tausayi, ga maƙwabta sun cika tsakar gida kowa da maganin da ya sani. Amma sai mun wanke wannan duka kafin likita ya ga zurfin ƙunar, yaro yana tsala ihu, uwarsa ta juya baya ta toshe baki da mayafi. Ta nan kuma ƙwayoyin cuta ke shiga, ciwon ya ruɓe, wani har ya kamu da sarƙewar haƙora.

Maganin farko yana cikin randarki, 'yar uwa. Ki riƙa kwarara ruwa mai tsafta a kan wurin har minti 20, da famfo ko da buta, in ta ƙare a sake cikawa. Minti 20 yana da tsawo ga uwar da ɗanta ke kuka, amma ki daure ki duba agogon waya. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, kuma zafin yakan ci gaba da cin nama ko bayan an janye shi daga wutar, ruwan ne ke tsayar da shi. Masu cewa ruwa ne ke sa ƙuna ta ɗuri ruwa, wallahi ba haka ba ne, zafin ne ya riga ya yi aikinsa. Kada dai a sa ƙanƙara, tana ƙara lalata fata. A kuma lulluɓe sauran jikin yaron, domin ƙaramin yaro ba ya jure sanyi.

A cire riga, awarwaro da guru tun wurin bai kumbura ba, amma tufafin da ya manne da fata a bar wa ma'aikatan asibiti. Kada a fasa ƙullutun ruwan. A rufe da ƙyalle mai tsafta wanda ba ya zubar da zare, ban da auduga. In ƙunar ta fi faɗin tafin hannun yaron, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi, ko jariri ne, to a nufi asibiti nan take, kada a tsaya kemis. Mai shan nono a ci gaba da ba shi a hanya. A nan Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana da sashen masu ƙuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a shekara, mafi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Waɗanda suka rayu ma, na ga yara da dama da yatsunsu suka manne, ba sa iya riƙe alƙalami sai an yi musu aiki.

Don haka ina roƙon gidajen rediyonmu su riƙa maimaita saƙon nan safe da yamma har sanyi ya wuce. 'Yan uwana da ke bakin aiki su sa shi cikin jawabin ranar awo da ranar rigakafi. Malaman Islamiyyar matan aure kuma su gayyaci ƙungiyar Red Cross ta zo ta nuna musu a aikace, da buta da ruwa, a kira har da 'yan matan da ake bar wa raino.

Wassalam.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Kano.