Godiya ga ɗakin gwajin da ya gano mini inda gizo ke saƙa

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in gode wa ma'aikatan ɗakin gwajin sinadarai da suka raba ni da asarar da na kusa shekara ina tafkawa. Sana'ata haɗa ruwan sheƙi da ake shafa wa katako. Na fara zuba garin titaniyam dayoksaid mai mitsi-mitsin ƙwayoyi, wanda ake kira nano, don ya tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, kada rana ta koɗar da katako. Wata huɗu kacal shafen ya soma burtsewa, in ka goga yatsa sai ya fito fari kamar alli. Masu saye suka yi ta dawo da kaya. Na koma wurin dillalai biyu. Ɗaya ya ce ni ne ban iya haɗi ba, ɗayan ya daina ɗaga wayata.

Da na kai samfurin wurinku, na zaci takarda za a miƙo mini cike da lambobi a sallame ni. Sai wata malama da ke kula da na'urar eksire ta ja mini kujera, ta ce, "Malam, hannunka ba shi da laifi, garin da aka sayar maka ne bai dace da aikinka ba." Ta bayyana mini cewa sinadarin yana zuwa a siffofi daban-daban, fitattu su ne anatas da rutil. Nawa anatas ne tsirara, ba a lulluɓe ƙwayoyinsa da komai ba. Shi kuwa in hasken UV ya sauka a kansa, yakan ruguza duk wani abu mai maiƙo ko danƙo da ke jikinsa. Wannan halin, wanda ya yi suna tun aikin masana kimiyya Fujishima da Honda a Japan a 1972, shi ake so a gilashi mai wanke kansa da na'urorin tace iska. A cikin ruwan sheƙina kuwa, danƙon da ke riƙe shafen yake cinyewa. Abin da nake buƙata rutil ne da aka lulluɓe da sinadarin silika ko alumina.

Ta kuma nuna mini dalilin da ƙwayoyin ƙasa da nanomita 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) ba sa rufe launin katako, alhali na farin fenti, masu kai nanomita 200 zuwa 300, su ne ke warwatsa haske su yi fari fat. Kafin in fita ta gargaɗe ni da in daina auna busasshen garin ba takunkumi, domin shaƙar ƙurarsa na iya illata huhu. Malama, Allah ya saka miki da alheri.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yanzu shi ne buhunan da ake sayarwa ba bayanin siffa, ba girman ƙwaya, sai kalmar nano da manyan baƙaƙe. Ka tambayi mai kayan anatas ne ko rutil, ya ce maka ai duk fari ne. Masu ƙananan masana'antu nawa ke can suna zargin hannunsu kamar yadda na yi?

Naku,
Mai haɗa ruwan sheƙin katako