A buɗe wa ruwan cikin kwale-kwale hanyar fita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu masunta, masu ɗebo yashi da masu fito a kogin Galma da madatsar ruwa ta Zariya. Duk lokacin da jirgi ya kife, kamar abin da ya faru a Bagwai ta Jihar Kano a watan Nuwamban 2021, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, maganar da ake yi ita ce lodi ya yi yawa, kuma gaskiya ne. Amma akwai lodin da ba a ƙirga shi a bakin gaɓa, wato ruwan da ke kwance a cikin jirgin tun kafin mutum na farko ya sa ƙafa.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kwale-kwale mai tsawon mita 6, wanda faɗinsa ya kai kamar mita 1, in ya kwana a buɗe aka yi ruwan sama na milimita 40, irin wanda ba baƙo ba ne a Zariya cikin Agusta, zai wayi gari da kusan lita 240 a cikinsa. Nauyin buhun siminti kusan biyar ke nan. Kuma gara simintin, domin shi yana zaune inda aka ajiye shi. Ruwa kuwa da jirgi ya ɗan karkata sai ya kwarara gaba ɗaya zuwa ɓangaren da ya yi ƙasa, ya ƙara danne shi. Shi ya sa jirgin da ke da ruwa iya idon sawu yake rawa da an ɗan motsa, ko da mutanen cikinsa ba su da yawa.

Kowa ya iya yanka galan ya kwarfe ruwan da yake gani. Matsalar ita ce wanda kwarfa ba ta kaiwa gare shi. A jirgin katako, itatuwan da ke gicciye a ciki kamar haƙarƙari suna raba gindin jirgi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da tafkinsa. Ya kamata kowane haƙarƙari ya kasance da ƙaramar kafa a can ƙasansa, inda ya haɗu da katakon gindi, hagu da dama, domin ruwa ya bi ta nan ya taru a wuri ɗaya. Kafintoci da dama ba sa yin wannan kafa, wasu kuma su huda ta a sama, ta bar ruwa yatsa biyu a ƙarƙashinta har abada. Faɗinta ya zama milimita 20 zuwa 25, kada ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin itacen don kada ya raunana. Bayan an huda, a shafe cikin ramin da fenti ko kwalta, saboda ta yankakken wuri katako ya fi shan ruwa. Sannan a zura igiyar nailan siririya ta ratsa kafofin duka daga goshin jirgi zuwa bayansa, a ɗaure bakinta biyu da ɗan sassauci. Yashi, ɓamɓarokin kifi, guntun leda da ganye za su toshe kafar ko an ƙi ko an so. Jan igiyar gaba da baya sau uku ko huɗu yana buɗe su ba tare da an ɗaga komai ba. Katakon da ake takawa a tsakar jirgi kuma kada a kafe shi da ƙusa, a bar shi yadda za a iya ɗagawa.

Wannan ruwan da ke kwanciya shi ke ruɓar da jirgi daga ciki, musamman ruwan sama a lungun da iska ba ta shiga. Ko maɗaci, da duk ƙwarinsa, yana sarewa in ya daɗe a haka. A riƙa caka sukundireba a gindin kowane haƙarƙari. In ta shige ba da ƙarfi ba, wurin ya tafi, canji yake so, fenti ba zai rufa masa asiri ba.

Kafin a kashe kuɗi kan famfon fitar da ruwa, a gano ta ina ruwan ke shigowa. A kwarfe jirgi tas, a goge da tsumma, a barbaɗa busasshiyar toka a kan haɗin katakai yana kan ruwa. Inda tokar ta fara yin duhu, a bi sawun zuwa sama, domin inda ruwa ya taru ba lallai nan ya shigo ba. Ko kuma a fitar da shi tudu, a ɗora kan itatuwa, a zuba ruwa a ciki wanda bai wuce santimita 10 ba, a zagaya ana duba ɗigo daga waje ana yi masa alama da alli. Kada a cika shi: an ƙera jirgi ne ya jure turin ruwa daga waje, in aka cika cikinsa nauyin zai buɗe haɗin. Wani kuskuren da muke yawan gani shi ne cusa auduga da kwalta da ƙarfi a jirgin da hunturu ya busar. Katakon ya tsuke ne kawai. In ya koma ruwa ya kumbura, abin da aka cusa zai hana shi wuri, sai ya tumɓuke ƙusoshi ko ya tsage. A jiƙa shi kwana biyu ko uku tukuna, abin da ya rage yana yoyo shi ne na gyara. Ƙusar gini kuma tsatsa take yi ta bar rami. A nemi mai rufin galbanaiz, wato rufin da ke hana tsatsa.

Jirgin faiba (zaren gilashi da aka daskarar da gam) mai daɓe biyu nasa ciwon a ɓoye yake. Tsakanin daɓen da gindi akwai fili, wani lokaci cike da soso mai hana nutsewa. Ruwa na shiga ta ramukan sukurori, ta tsagar daɓe, ko ta ƙusoshin da suka riƙe inji a allon baya in ba a liƙe su ba. Alamarsa, jirgi ya riƙa zama a karkace ba kaya, inji ya yi ta kuka gudu bai ƙaru ba, fetur na ƙarewa da wuri. A ɗaga goshinsa a tudu, a cire toshiyar ramin fitar da ruwa da ke ƙasan allon baya, a zura waya domin datti kan tare bakin ramin daga ciki. In ruwa ya ci gaba da ɗiga kwana da kwanaki, soson ne ya sha, kuma ba zai bushe a rufe ba ko da za a shekara. Sai a yanka ƙofar dubawa mai faɗin santimita 15 a daɓen, can wajen baya, a ƙwaƙule jiƙaƙƙen soson, a bar wurin ya sha iska, a maye gurbinsa da sabo ko da robobin ruwa marasa komai masu murfi a ɗaure, sannan a sa wa ƙofar murfi mai roba. Kada a shafa faiba a kan danshi ko maiƙo, ba ta kamawa. Silikon na gilashin taga ma ba ya daɗewa a ƙarƙashin ruwa.

Toshiyar nan ta baya, ƙanƙanuwa ce amma ta isa ta nutsar da jirgi. Rami mai faɗin milimita 25 da ke santimita 30 a ƙarƙashin ruwa yana shigo da kusan lita 40 a minti ɗaya. Famfon batir da aka rubuta wa 500 GPH, wato galan 500 a awa, kusan lita 30 a minti, an auna shi ne ba tiyo ba hawa. Da an sa masa tiyo ya tura ruwa sama, da wuya ya ba da fiye da lita 20. Ramin ya fi ƙarfinsa ninki biyu. Saboda haka a ɗaure toshiyar da igiya a jikin allon baya, a ajiye ta biyu, kuma wanda zai tura jirgi ruwa ya taɓa ta da hannunsa kafin ya tura.

Mai son sa famfo ya zaunar da shi a wuri mafi zurfi, yadda za a iya cire rariyarsa a wanke. Tiyo ya zama daidai bakin famfon, gajere, mai hawa kai tsaye ba lanƙwasa ƙasa a tsakiya, domin ruwan da ya kwanta a lanƙwasar yana tare iska, sai ka ji famfo na juyawa ba abin da ke fita. Bakin fitar ya kasance aƙalla santimita 30 sama da ruwa lokacin da jirgi ke da cikakken lodi. In ya nutse, tiyon da kansa zai zuƙo kogi ya zuba a ciki. Haɗin waya ya tsaya sama da inda ruwa ke kaiwa, a sa fis na adadin da aka rubuta a jikin famfon, a kuma lura kada a juya wayoyin, domin zai yi ƙara kamar yana aiki alhali ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Duk da haka bokiti da yankakken galan su zauna a jirgi, a ɗaure, wurin kwarfa kuma kada a ɗora masa kaya.

In ruwan gindin jirgi na warin fetur, a kashe inji, kada a kunna famfo ko taba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya. A tsane shi da tsumma a zuba a jarka a fitar tudu. Ruwan Galma ne ake tacewa a turo wa mutanen Zariya a famfo, bai dace mu zuba masa mai ba.

Muna kira ga sarakunan ruwa da shugabannin masu fito su sa wannan duba ya zama ƙa'ida a kowace mashiga kafin ruwan Yuli da Agusta ya kankama: a ɗaga katakon tsakar jirgi a gani, a ja igiyar kafa, a taɓa toshiya, sannan a fara lodi. Jirgin da zai kwana a tudu kuma a kife shi, ko a ɗaga goshinsa a cire toshiyar.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran kwale-kwale da jiragen ruwa,
Zariya, Jihar Kaduna.