Kafin a sayo wa mai tace bidiyo kwamfuta daga Saudiyya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu ja hankalin alhazai da masu zuwa Umara da ke sayen laftof a Jidda ko Makka su kai wa yaransu tsaraba, da kuma matasanmu mazauna nan da suka kama sana'ar tace bidiyon biki, tallan kamfanonin jigilar alhazai da zanen katun. Ƙorafin kullum iri ɗaya ne. An kashe riyal masu kauri, an ga "Core i7" manne a jiki, amma da an ɗora bidiyon 4K sai hoto ya riƙa tsalle, fanka ta riƙa kuka, can sai manhajar ta rufe kanta. Galibi kwamfutar lafiyarta ƙalau, kayan raƙumi ne aka ɗora wa jaki.

Wannan i7 ɗin shi ya fi ruɗin mutane. Sunan dangi ne kawai, abin dubawa shi ne lambar da ke gabansa da harafin ƙarshe. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, samfurin i7-7500U, na 2016, koa biyu gare shi (koa su ne sassan da ke raba aikin a tsakaninsu), kuma an ƙera shi ne don ya ci wuta wat 15 ya adana batir. Shi kuwa i3-12100 na kwamfutar tebur, wanda ya fito a 2022, koa huɗu gare shi, kuma zai bar shi a baya nesa ba kusa ba. A laftof a nemi mai harafin H ko HX, a ƙyale mai U. Tsofaffin laftof na ofis da suka cika Haraj, kasuwar kayan gwanjo ta nan, da yawansu masu U ne, kuma duk wanda bai kai zango na 8 na ƙirar Intel ba (shi 7500U ɗin na zango na 7 ne), Windows 11 ma ba ta karɓarsa a hukumance.

Sai dai kafin a ɗora wa furosesa laifi, a dubi irin bidiyon da ake ba shi. Hoton 4K yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, wajen miliyan 8.3, ninki huɗu ke nan na 1080p. Waya da yawancin kyamarori kuma suna matse shi da tsarin rage nauyin fayil na H.264 ko H.265. A wannan tsari ba kowane firem, wato hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye guda ɗaya, na bayansa kuma sai a rubuta abin da ya canza kawai. Wajen kallo babu damuwa, tunda gaba ake tafiya. Mai tacewa kuwa gaba yake yi ya dawo baya, ya yanka nan ya tsallaka can, kuma a kowane tsalle sai kwamfutar ta koma ta sake gina hoton daga cikakken firem na baya. Abin ya fi muni da kyamarorin da ke ɗauka a 10-bit 4:2:2, tsarin da ke adana launi mai yawa. Katunan hoto na Nvidia da suka gabaci jerin RTX 50 ba sa warware irin wannan da kansu, don haka mutum na iya mallakar kati mai tsada yana zaune a banza, furosesa na ta gumi. Furosesan Intel daga zango na 11 suna iya warware na H.265 ɗin, muddin ba masu harafin F ba ne, domin su babu sashen hoto a cikinsu.

Maganin wannan ba ya cin ko halala ɗaya, amma yara sun raina shi. A manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro ko DaVinci Resolve, a sa ta ta yi furoksi, wato kwafi mara nauyi na kowane fayil, a 1080p ko 720p da ProRes Proxy ko DNxHR LB. A bar ta ta yi da dare. Da safe a yi yanka da jeri a kan kwafin, lokacin fitar da aiki manhajar za ta koma kan na ainihin da kanta. Bidiyon waya kuma, wanda adadin firem ɗinsa a daƙiƙa ke hawa da sauka, shi ke sa murya ta saɓa da motsin baki a dogon wa'azi. A fara wuce da shi ta manhajar sauya bidiyo ta HandBrake a tsayar da adadin kafin a shigar da shi. Mai ɗauka a ɗakin biki a nan ya tuna wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Najeriya 50Hz, kyamarar da aka saita a firem 25 tana iya kamo ƙyaftawar fitilu, kuma babu kwamfutar da za ta goge wannan cikin sauƙi.

RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take kai, lissafinta a fili yake. Firem ɗaya na 1080p, in manhajar After Effects ta kamfanin Adobe ta buɗe shi, ya kai megabayit 8. A firem 25 cikin daƙiƙa, daƙiƙa 10 kacal sun cinye gigabayit 2. A 4K kuwa 8 ne. To mai gigabayit 8 gaba ɗaya, wanda Windows ta riga ta ɗebi rabonta, me zai gani? Adobe da kansu 16 suke ba da shawara don HD, 32 don 4K. A tambayi mai shago ko RAM ɗin ana ƙara ta, domin a siraran laftof da yawa liƙe ta ake yi a jikin allo. In ana ƙarawa, a sa guda biyu masu girma ɗaya.

Masu zanen katun da manhajar Blender, iyakarku ƙwaƙwalwar katin hoto ce. Cikinta ake loda abin da ke cikin fage kafin Cycles, injin fitar da hoto na Blender, ta fara renda da katin, wato lissafa hoton ƙarshe. Hoton shafe ɗaya, wato hoton da ake lulluɓe jikin abu da shi, mai faɗin ɗigo 4096 yana ɗaukar kusan megabayit 64, mai 8192 kuwa 256, kuma bango ɗaya kan buƙaci uku ko huɗu: na launi, na kaushi, na tudu da kwari. Yaro ya sauko da kujeru da bishiyoyi daga intanet, kowanne da shafen 8K, kafin ya ankara gigabayit 6 ko 8 sun cika, aiki ya koma rarrafe ko ya tsaya. Abin da ke can nesa da kyamara, 1024 ya ishe shi. Sannan a yi lissafin lokaci tun kafin a yi wa mai aiki alƙawari. Katun na minti ɗaya, a firem 25 cikin daƙiƙa, firem 1,500 ne. In kowanne yana cin minti 2, awa 50 ke nan kwamfutar za ta yi ba hutu. A gwada firem ɗaya tukuna, a rage samfur (samples) a kunna mai share ɗigo-ɗigon hoto (Denoise), ko a koma Eevee, ɗaya injin na Blender mai sauri. Kuma a fitar da aikin a jerin hotuna PNG, kada a fitar da shi fayil ɗin bidiyo kai tsaye, yadda in wuta ta ɗauke ko manhaja ta faɗi a firem na 900, daga nan za a ci gaba. Wannan ya fi shafar waɗanda za a kai wa kwamfutar can gida Najeriya.

Ma'ajiya ba ta da dogon zance. Faifai mai juyawa a bar shi ga aikin da aka gama, wanda ake kai kuma ya zauna a SSD, ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa. 4K a tsarin ProRes 422 HQ, a firem 25 cikin daƙiƙa, yana cin kusan gigabayit 330 a awa, don haka terabayit 1 ba wani abin alfahari ba ne.

Zafi kuwa mun fi kowa saninsa. Furosesa in ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ya rage gudun kansa don kada ya ƙone, shi ya sa renda ke farawa da sauri ta koma rarrafe bayan minti goma. A Makka, inda bazara ke wuce digiri 40, za ka ga yaro ya shimfiɗa laftof a kan kafet ɗin majalisa, hancinta na ƙasa a toshe, ƙura ta yi kitse a bakin fanka. A ɗora ta a kan abu mai tauri, a ɗaga bayanta, a busa ƙurar duk bayan 'yan watanni, a canza man da ke kan furosesa in ya shekara biyu ko uku. Kada a yi renda a kan batir. A kuma sani katin hoto RTX 4060 na laftof, wani kamfani wat 35 yake ba shi, wani 115, suna ɗaya aiki daban. A wurinmu, wanda ba yawo yake da aikinsa ba, kwamfutar tebur ta fi masa.

Mai kwamfuta a hannu, kafin ya sayi komai, ya buɗe aikin da ke ba shi wahala, ya danna Ctrl, Shift da Esc tare, ya shiga Performance ya kalli wanda ya cika: furosesa, RAM, faifai ko katin hoto. Shi za a canza. Mai saye kuma ya je shago da filashi ɗauke da bidiyon kyamarar da za a yi aikin da ita, ya roƙi a bar shi ya gwada na minti 15. Alhajin da bai san kan abin ba ya ɗauki hoton cikakkiyar lambar furosesa da ta katin ya tura wa yaron ta WhatsApp kafin ya biya kuɗi.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu tace bidiyo da zanen katun,
Jidda, Saudiyya.