Wasiƙa Daga Tsakiyar Tekun Atilantika

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba da Yaya da su auta. Ni ma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Yaya ta turo mini cewa tun da kika ji za mu ƙetare teku barcinki ya ragu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto komai dalla-dalla ta karanta miki, ko hankalinki ya kwanta.

Yau kwana huɗu rabon idona da ƙasa. Daga Barsalona ta ƙasar Sifen muka taso. Idan sanyi ya kama a Turai, sai masu jiragen yawon shaƙatawa su kai su yankin Karebiyan inda ake ɗumi, su dawo da su in sanyin ya wuce. To irin wannan tafiyar muke ciki. Da asuba muka ratsa mashigin Jibralta, inda tsakanin Turai da Afirka bai wuce kilomita 14 ba. Na samu na leƙa waje, ga fitilun Maroko ta hannun hagu. Na daɗe ina kallonsu, Inna, don na san ƙasar nan a manne take da wadda kike takawa. Muka yada zango a tsibirin Tenerife, daga nan kuma sai ruwa tsagwaronsa, sama da kilomita 6,000 zuwa jihar Fulorida ta Amurka, kwana 7 cur ba tsayawa.

Ki cire kwale-kwale daga ranki. Wannan gari guda ne yake tafiya a kan ruwa, da fasinja fiye da 3,000, mu ma'aikata kuma mun haura 1,000. Akwai asibiti da likita, akwai gidan burodi da wurin wanki. Ruwan da muke sha ma na tekun ne, inji ke cire masa gishiri. A ƙarƙashin ruwa jirgin yana da wasu fukafukai da ake buɗewa su rage masa tangaɗi, kuma gudunsa duka bai wuce kilomita 37 a awa ba. Kowane mako sai an yi mana atisayen ceto: jiniya ta yi gajeren kuka sau 7 da dogo sau 1, kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa ya tafi wurin da aka yanka masa. Ko ido rufe na san hanyata.

Ba zan ɓoye miki ba, dare na biyu teku ta yi fushi. Ina kwance a gadon sama ina jin ƙarfen jirgin yana nishi, aljihun tebur ya buɗe ya rufe da kansa, kofi ya gangara nan ya dawo can. Jiri ya ɗebe ni, zuciyata na ta tashi. Abokin ɗakina, wani ɗan Filifin da ya shekara da shekaru yana wannan aiki, ya miƙo mini koren tuffa da shayin citta, ya ce in gari ya waye in fita in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Na bi maganarsa, kafin azahar na warware. Tun daga ranar ruwan ya kwanta luf, shuɗi har ya so ya yi baƙi, ga wasu ƙananan kifaye masu fiffike suna tsalle suna shawagi a gefen jirgi.

Aikin ne dai sai haƙuri. A gaɓa fasinja kan fita yawo, mu gyara ɗakuna a tsanake. A nan kuwa ba inda za su, kowa na ɗakinsa, wannan na neman tawul, wancan na son a sake masa zanen gado. Ba ranar hutu har kwantiragi ya ƙare, amma dokar ma'aikatan ruwa ta duniya ta 2006 ta ce dole mutum ya samu hutun awa 10 a cikin kowace 24, kuma ana rubutawa. Cikin ɗakunan da nake kula da su akwai na wata tsohuwa sa'arki, ita kaɗai take tafiya. Kullum na shiga zan same ta a baranda lulluɓe da bargo tana kallon ruwa. Jiya ta tambaye ni ko mahaifiyata ta san inda nake. Na ce ta sani. Ta ce to in rubuta miki. Na fito na tsaya a lungu riƙe da tawul, sai da na share ido kafin na buga ƙofa ta gaba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne agogo. A Barsalona lokacinmu ɗaya da naku. Amma tun da muka fuskanci yamma, kusan kowane dare sai a sanar a mayar da agogo baya da awa guda. Abokan aiki murna suke, barci ya ƙaru. Ni kuwa duk lokacin da na murɗa shi sai in ji na ƙara yi muku nisa. Yanzu kuna gabana da awa 4, in mun isa za su zama 6. Lokacin da nake tashi daga aiki ƙarfe 10 na dare, 2 na tsakar dare ne a wajenku. Abin da ya hana ni kira ke nan, ba mantuwa ba ce.

Ki gaya wa Baba sallah ba ta wuce ni. Tunda yamma muka nufa, alƙibla tana ta bayan jirgi, sai dai kullum tana ɗan karkata zuwa arewa maso gabas. Akwai allo da ke nuna inda muke da inda muka dosa, da shi muke kwatance, ni da wasu 'yan Indonesiya uku. In ruwa na motsi mukan buɗa ƙafa sosai mu tsaya, in abin ya ci tura mu yi a zaune.

In Allah ya yarda ranar Lahadi za mu isa. Da safe jami'an shige da fice za su duba bizarmu, fasinja su sauka wasu su hau, ba zan samu sarari ba sai wajen ƙarfe 3 na rana, wato 9 na dare a wajenku. Yaya ta bar wayarta a kunne kusa da ke. Ki ci gaba da sa ni a addu'a, a gaishe mini da kowa da kowa.

Wassalam,
Ɗanki