Wasiƙa zuwa ga mutumina, kan ɓarnar autan Yaya

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Shirun nan naka ya yi yawa, kuma kada ka soma kawo mini uzurin aiki, na san halinka. Uwargida tana gaishe mu ta waya, kai kuwa ko oho.

Shawara nake nema. Autan Yaya ne ya jawo mana magana. Ya saci mukullin motar babansa cikin dare, shi da abokansa, suka sha abin da suka sha, ya je ya afka wa katangar wani bawan Allah a can ƙauye. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, sai karaya a hannun ɗayansu. Yaron shekararsa 17, ko lasisi ba shi da shi.

Kafin gari ya waye kowa ya ji, amma ba wanda ya nufi wajen 'yan sanda. Manya suka zauna, aka ce a gyara katanga a rufa asiri, ai ɗan wane ne. Mai katangar da kansa ya ce ya yafe, wai ƙuruciya ce. Maganar giya kuwa ba wanda ya furta ta a zaman, sai cewa ake mota ta ƙwace masa. Sai ka ɗauka an gama ko? Ina! Yaya ta daina shiga taro, don da ta shigo sai hira ta tsaya. Ana ta raɗa cewa ita ta sangarta shi. Har 'yar'uwarsa an hana wasu yara zuwa wajenta. Shi kuwa na tabbata zai yi furfura ana kiransa mai rushe katanga.

Nan birni ɗan maƙwabcinmu ya yi irin wannan. Mutane suka zagaye shi da waya suna ɗaukar bidiyo, 'yan sanda suka sa shi ya hura na'urar gwajin barasa, aka kai kotu, aka ci shi tara. A intanet waɗanda ba su san ko sunansa ba suka zage shi tas. Mako bai zagayo ba aka manta. Uwarsa tana harkokinta ba mai kallonta. Da a ce babansa mai hali ne, da lauya ya shafe maganar tun a ofishin 'yan sanda.

Kai ma dai kada ka yi mini wa'azi, ban manta da kai da babur ɗin kawunka da ramin nan ba. Laifi tudu ne.

Abin da ke hana ni barci shi ne, a ƙauyen an hukunta uwa an bar yaro, kuma jiya aka ce an gan shi a bayan sitiyari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma mutum kusan miliyan 1.19 yake ci duk shekara. Shi ya sa take son a tsananta wa sababbin direbobi, kada barasar jininsu ta wuce giram 0.02 a kowace mililita 100 ta jini, alhali na manya 0.05 ne a ƙasashe da yawa. Ga hanyar ƙauye ba fitila, ga asibiti da nisa. Yaron da aka kwasa da karaya sai da ya kusa suma kafin a isa. Na gaya wa mijin Yaya ya ɓoye mukullin nan, ya ce wai na zama ɗan birni mai son kai ƙara.

Af, ka ji Dogo zai ƙara aure? Wallahi! Shi da ya rantse a gabanmu. Ya sayi sabuwar hula, yana tafiya yana ƙamshi, tumbin nan kuwa ya ninka. Ya ce in gaya maka in ba ka zo ba ya soke bashin da kake binsa.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa ƙaramar har yanzu ina jiran zanen da ta yi mini alkawari. Kuma don Allah ka amsa da wasiƙa, ban da saƙon muryar nan naka da iska ke cinye rabinsa.

Naka har kullum,
Abokin faɗanka