Ba kowane RNA mai zobe ne ke rura wutar sankara ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga a shafin lafiya game da RNA mai siffar zobe, kuma na ji daɗi da kuka ba batun fili. Sai dai kanun ya tsaya mini a rai, domin ya nuna kamar an kama wani sabon mai laifi da ke haddasa sankara. Ni malamar bayoloji ce, kuma na yi jinyar yayana da sankarar ƙwaƙwalwa har Allah ya karɓi abinsa. Na san yadda mai jinya ke karanta irin wannan labari: kalma bayan kalma, yana neman inda zai rataya fatansa. Shi ya sa nake so a gyara zancen.

RNA da muka saba koyarwa a aji kamar zare yake, yana da kai yana da jela. Shi ke ɗauko saƙo daga DNA, ma'ajiyar bayanan gado, ya kai wa ribosom, injin da ke ƙera furotin a cikin tantanin halitta. A kansa akwai wata 'yar hula da ribosom ke kamawa kafin ya fara karatu. To, a lokacin da tantani ke yanke saƙon yana haɗa guntayensa, wani lokaci sai jelar wani guntu ta juyo ta manne da kansa, ya zama zobe. Ba kai, ba jela, ba hula. Sinadaran da ke cinye RNA kuwa galibi daga bakin zare suke farawa, don haka zoben yakan daɗe. Wasu sukan wuce awa 48, alhali RNA na yau da kullum cikin 'yan awanni ya lalace.

Tun 1976 masana a Jamus suka nuna cewa wasu ƙananan ƙwayoyin cutar tsirrai RNA ne mai zobe. A 1993 aka gan shi a jikin ɓera. Amma kusan shekara ashirin ana ɗaukarsa kuskuren tantani ne kawai, har zuwa 2012 da Julia Salzman da abokan aikinta a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna cewa ɗaruruwan ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna samar da shi.

Tambayar da rahotonku ya tsallake ita ce: abin da ba shi da hula, ta ina ribosom zai kama shi? Hanya biyu aka fi sani. Wasu zobban suna ɗauke da wani sashe da ke naɗewa ya zama kamar ƙofa a tsakiya, ana kiransa IRES, ribosom ya shiga ta nan. Wasu masana biyu, Chen da Sarnow, sun gwada hakan da zoben da suka haɗa da kansu tun 1995. Wasu kuma ana ɗiga musu wata alamar sinadari mai suna m6A, ita ke janyo masu taimaka wa ribosom. A 2017 ne bincike daga Italiya da Sin da wasu wurare ya nuna cewa zobban da jiki ke yi da kansa ma suna ba da furotin.

Ga inda abin yake da ban mamaki. Ribosom yana karanta haruffan saƙo uku uku ne. Idan ya zagayo ya tsallake mahaɗar zoben, kuma adadin haruffan bai rabu gida uku daidai ba, sai lissafin karatun ya goce a zagaye na biyu. Furotin ɗin da zai fito sai ya zo da sabuwar jela wadda na asali ba shi da ita.

Ku dubi abin da masu bincike a Jami'ar Sun Yat-sen da ke Guangzhou suka samu a cikin sankarar ƙwaƙwalwa mai tsanani, wato giliyobilastoma. Furotin E-cadherin shi ke manne tantani da ɗan'uwansa, kuma an san shi da hana sankara bazuwa. Amma zoben da ke fitowa daga ƙwayar gadon da ke yin E-cadherin ɗin yana ba da wani furotin mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 254, da sabuwar jela mai guda 14. Wannan jelar ce ke kunna EGFR, makunnin da ke sa tantani ya yi ta rabuwa. An buga wannan a 2021. Su dai waɗannan masanan, a 2018, sun gano zoben wata ƙwayar gado mai suna FBXW7, wanda ke ba da furotin mai amino asid 185 da ke taimakawa wajen rusa c-Myc, ɗaya daga cikin manyan masu ingiza sankara. Shi wannan raguwa yake yi a cikin ƙarin, kuma marasa lafiyar da ke da shi da yawa sun fi daɗewa a raye. Cuta ɗaya, zobba biyu: wannan na hura wuta, wancan na zuba ruwa. Ta yaya za a haɗa su a kanu ɗaya a ce su ne sanadi?

Akwai kuma abin da ya kamata mai karatu ya ji. Mafi yawan dubban zobban da aka ƙirga ba a tabbatar suna yin furotin ba, kuma wasu masana sun yi gargaɗin cewa hanyoyin gwaji kan samar da RNA miƙaƙƙe a ɓoye, a zaci zoben ne ya yi aikin. An samu waɗannan zobba a jini da fitsari, ana kuma fatan jurewarsu za ta sa su zama alamar gano cuta da wuri, amma wannan aiki yana hannun masu bincike tukuna, bai iso gadon asibiti ba.

Roƙona, Malam Edita, ku sake waiwayar batun a fitowa ta gaba, ku zauna da likitan sankara ko masanin ƙwayoyin halitta, ku bar shi ya yi bayanin fuskokin nan biyu dalla dalla, sannan ku gyara kanun da ke shafinku na intanet.

Wassalam,
Wata mai karatunku